Wasiƙar Rakiya: Abin da Za Ka Rubuta wa Edita Idan Za Ka Tura Aikinka Mujallar Adabi

Kusan duk mujallar adabi da ke karɓar rubutu daga mutanen da ba ta sani ba tana son ganin 'yar gajeriyar wasiƙa tare da aikin. Ita ce wasiƙar rakiya. Idan ta imel ake turawa, ita ce abin da ake rubutawa a jikin saƙon. Idan kuwa ta Submittable ne, wato shafin intanet da mujallu da yawa na Amurka da Turai da wasu na Afirka ke karɓar aiki ta cikinsa, akwai gurbin da aka ware mata. Sabon marubuci yakan sha wahalar wannan wasiƙa fiye da yadda ya sha ta labarin kansa, domin yana zaton ita ce za ta sa a karɓi aikin. Ba ita ba ce. Babu editan kirki da zai buga labari maras kyau don wasiƙarsa ta yi daɗi. Sai dai tana iya ɓata wa mai karatu rai tun bai buɗe shafin farko ba, tana kuma iya sa a mayar da aikin ba a ko duba shi ba idan ta nuna an taka ƙa'ida. Matsayinta bai wuce na sallama a ƙofar gida ba: a ji muryarka, a san ko wane ne, a san abin da ke tafe da kai, sai ka yi shiru ka jira izini.

Kada wani ya ce me ake nema a mujalla, ga waya a hannun kowa. Da yawa daga cikin manyan marubutan Afirka ta mujalla aka fara jin su. Black Orpheus da aka kafa a Ibadan a 1957, da Transition da Rajat Neogy ya fara a Kampala a 1961, da Okike ta Chinua Achebe a 1971, su suka raini marubutan wancan zamani. Daga baya aka sami irin su Saraba da ta fito a 2009, da Omenana mai buga labaran ƙirƙirar kimiyya da na al'ajabi tun 2014, da Lolwe da Isele da suka biyo baya a 2020. Kyautar Caine, wadda aka fara bayarwa a 2000, ba marubuci ke tura labarinsa da kansa ba, wanda ya buga shi ne ke turawa. Labarin Elnathan John mai suna "Bayan Layi" a mujallar Per Contra ya fara fitowa, daga nan ya shiga jerin ƙarshe na gasar a 2013, shekarar da Abubakar Adam Ibrahim ma ya shiga jerin. Wanda bai iya ƙwanƙwasa ƙofar mujalla ba, wasu ƙofofin ma ba zai kai gare su ba.

Wa ke karanta wasiƙar?

Sanin wannan zai rage maka rabin aiki. A babbar mujalla da wuya babban edita ya zama shi ne mai fara ganin aikinka. Akwai masu tacewar farko, da yawansu 'yan sa-kai ne ko ɗaliban jami'a, suna karanta ayyuka bila adadin bayan sun tashi daga nasu aikin na neman abinci. Wasu sukan leƙa wasiƙa kafin su shiga labari, wasu sai bayan sun gama, wasu kuma tsarin mujallar ya ɓoye musu ita da sunan marubucin baki ɗaya don kada sanayya ta shigo. Mutumin da ya gaji kake rubuta wa, kuma abu huɗu ko biyar yake nema ya tsinta da kallo ɗaya: sunan aikin, irinsa, tsawonsa, ko an taɓa buga shi, da kuma ko wane ne kai a taƙaice.

Saboda haka aikin farko ba rubutu ba ne, karatu ne. Ka buɗe shafin ƙa'idojin mujallar ka bi shi layi-layi a ranar da za ka tura, ba wanda ka karanta bara ba, domin sukan canza. Can za ka ga lokacin da suke buɗe ƙofa da lokacin da suke rufewa, iyakar yawan kalmomi, waƙoƙi nawa ake turawa a tashi ɗaya, irin fayil ɗin da suke so, da ko suna son a cire suna daga kan rubutun. Idan ƙa'idarsu ta saɓa da wani abu da na faɗa a nan, tasu za ka bi. Sannan ka karanta ko da fitowa ɗaya ce ta mujallar. Mai tura wa Omenana waƙar soyayya ya tona wa kansa asiri cewa bai taɓa buɗe ta ba, kuma babu wasiƙar da za ta rufa masa.

Gaisuwa

Nan ne tarbiyyarmu ta rubutun wasiƙa take yi mana ƙafar ungulu. Tun firamare aka koya mana buɗewa da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, sannan a gangaro kan dalilin rubuto wannan 'yar takarda. Wannan ladabi ne mai kyau ga kawu ko tsohon malaminka. Ga edita kuwa, sakin layi guda ne da zai tsallake. Idan mujallar Hausa ce ko filin adabi na jarida, "Assalamu alaikum" ko "Zuwa ga Edita, barka da aiki" ya wadatar. Kirari da "ranka ya daɗe" da "mai girma" a bar wa fada.

In ka san sunan editan sashen da kake tura wa, ka ambace shi, amma ka tabbatar tukuna, don editoci na sauyawa. Granta ta Ingila ta sami sabon edita, Thomas Meaney, a 2023 bayan Sigrid Rausing. Wanda ya kwafo suna daga tsohon rubutu sai ya gai da wadda ta bar kujerar. Kuma a daina ɗauka cewa kowane edita namiji ne. Deborah Treisman ke riƙe da sashen ƙagaggun labarai na The New Yorker tun 2003, Emily Stokes ce editar The Paris Review tun 2021, Ukamaka Olisakwe ce ta kafa Isele. Wasiƙar da ta fara da "Dear Sir" zuwa ga ɗaya daga cikin waɗannan ta yi tuntuɓe a kalma ta biyu. Idan kana shakka, ka gai da editoci a jam'i, ba wanda zai ji haushi.

Jikin wasiƙar

Jimlar farko ta ɗauki kayan duka: ga sunan aikin, ga irinsa, ga tsawonsa. Gajeren labari da maƙala da yawan kalmomi ake faɗar tsawonsu, ba da yawan shafuka ba, kuma ana iya cike lissafin zuwa ɗari mafi kusa. Waƙoƙi kuwa sai a faɗi adadinsu a jera sunayensu. In ɓangare ne na littafin da kake kan rubutawa, ka faɗa, ka kuma tabbatar yana iya tsayuwa da ƙafarsa. In mujallar ta yi shelar wani jigo na musamman ne, ka ce don shi ka turo.

Jimla ta biyu ta faɗi halin da aikin ke ciki: ba a taɓa buga shi ba, kuma ko yana hannun wasu mujallu a yanzu. Sai layi biyu ko uku game da kai. Sai godiya da suna. Ga yadda za ta kasance:

*Zuwa ga Editan Sashen Labarai,*

*Assalamu alaikum. Ga gajeren labarina mai suna "Kuɗin Zaure", mai kalmomi 3,200, ina fatan za ku duba shi. Ba a taɓa buga shi a ko'ina ba, har da kafofin sada zumunta. Na tura shi wata mujallar ma, kuma zan sanar da ku nan take idan suka riga ku karɓa.*

*Ni malamar makarantar firamare ce a Zariya. In kun karɓa, wannan ne zai zama aikina na farko da aka buga.*

*Na gode da lokacinku.*

*Wance 'yar Wane*

Ke nan. Idan mujallar ta Turanci ce ko ta Faransanci, da harshenta za ka rubuta, amma ƙashin bayan wasiƙar bai canza ba. Duk wasiƙar da ta fi ƙarfin a karanta ta a fuskar waya ba tare da an ja ƙasa sau biyu ba, ta yi tsawo.

Wasu kan ƙara jimla ɗaya da ke nuna sun san mujallar, misali su ambaci wani labari da suka karanta a cikinta ya burge su. Yana da kyau idan gaskiya ne kuma ka kama sunan labarin da marubucinsa. Amma "na daɗe ina bibiyar mujallarku mai farin jini" kowa ya san kwafe ake yi ana liƙawa, gara a bar shi.

"Ba a taɓa bugawa ba"

A kan wannan jimla zan daɗe, domin a nan marubutanmu suka fi faɗawa rami ba da niyya ba. Abin da mujalla ke karɓa daga hannunka, ko da kuɗi ko ba kuɗi, shi ne haƙƙin zama ta farko da ta fito da aikin ga jama'a. Bayan ya fito, galibi haƙƙin mallaka na komawa gare ka, ka sa shi a littafinka in ka so, tare da ambaton inda ya fara fitowa. To idan jama'a sun riga sun gani, me za ka ba ta?

Mu kuwa yau adabin Hausa a waya yake rayuwa. Marubuciya na sakin labarinta shafi-shafi a Facebook ko Wattpad, ana yaɗa shi a zaurukan WhatsApp, wani ma ya ɗauka ya karanta a YouTube. A idonmu wannan ba bugu ba ne, tunda ba a kai shi maɗaba'a ba, ba a sa masa bango ba. A idon yawancin mujallu bugu ne sarai. Ma'aunin da suka fi amfani da shi mai sauƙi ne: shin kowa na iya kaiwa gare shi? In haka ne, an buga. Karanta wa abokai a taron marubuta, ko ba wa mutum biyar su duba maka kurakurai, wannan ba ya shiga lissafi. Zauren WhatsApp mai ɗaruruwan mutane, inda ake kwafe rubutu ana turawa gaba, ni dai ba zan kira shi sirri ba.

Goge rubutun daga shafinka daren da za ka tura ba ya mayar da shi sabo. Editoci kan ɗauki jimla guda su saka a Google kafin su sa hannu a yarjejeniya, kuma abin da ya shiga intanet da wuya ya fita duka. In aka kama ka, ba wannan aikin kaɗai ka rasa ba, sunanka ma ya shiga bakin editoci, su kuwa sun san juna. Mafita ita ce ka faɗi gaskiya a jimla ɗaya: wani ɓangare na labarin nan ya taɓa fitowa a shafina a shekara kaza, na kuma sauke shi. Akwai mujallun da ba su damu ba, akwai ma masu karɓar abin da aka taɓa bugawa. Su za su yanke hukunci. Abin da ya fi duka, duk aikin da kake wa fatan mujalla, ka danne zuciyarka ka hana shi fita tun farko.

Haka batun tura aiki ɗaya wurare da yawa lokaci guda. Mujallu da dama sun yarda da shi, don sun san jiran amsa kan ɗauki wata uku, wata shida, wani lokaci fiye. Kaɗan sun hana. In an yarda, ka faɗa a wasiƙa, sannan ka cika alkawari: ranar da wata ta karɓa, ranar za ka janye daga sauran. A Submittable akwai maɓallin janyewa. In ta imel ne, layi biyu sun isa. Ka ajiye littafi ko jadawali da ke nuna me ka tura, ina, yaushe. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe wannan.

Wani sabon abu ya ƙaru a 'yan shekarun nan. A watan Fabrairun 2023 mujallar Clarkesworld ta Amurka ta rufe karɓar aiki na ɗan lokaci saboda labaran da aka sa manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka rubuta sun yi mata ambaliya. Tun daga lokacin mujallu da yawa suka sa sharaɗi a kan haka, wasu har suna son ka shaida a wasiƙa cewa da hannunka ka rubuta. In an nema, ka rubuta, kuma ya zama gaskiya.

Idan fassara ce

Mai fassara aikin Hausa zuwa wani harshe yana da ƙarin nauyi, kuma shi kaɗai aka yi wa rangwamen tsawaita wasiƙa. Mujallu irin su Words Without Borders da Asymptote, waɗanda fassara ce sana'arsu, za su so sanin sunan aikin na asali, wane ne marubucin, yaushe aka buga, da kuma ko kana da izinin fassarawa. Izinin nan a rubuce ake nemansa daga marubucin, ko magadansa, ko kamfanin da ke riƙe da haƙƙin. "Ai mun yi magana ta waya ya ce ba komai" ba ya tsayawa a gaban yarjejeniya. Nan kuma ya halatta ka yi ɗan bayani kan matsayin marubucin, domin editan da ke Landan ko New York ba lalle ne ya san adabin kasuwar Kano ba, balle ya san cewa littafin Balaraba Ramat Yakubu, *Alhaki Kuykuyo Ne*, ya fito da Turanci a Indiya a 2012 cikin fassarar Aliyu Kamal. Jimla uku da za su sa shi a hanya sun isa. In kai ka rubuta kuma kai ka fassara, ka faɗi haka, ka kuma faɗi ko na Hausar ya riga ya fito.

Kai wane ne?

Wasu mujallun suna son taƙaitaccen tarihinka daban, wanda za su buga a ƙasan aikin. Shi ana rubuta shi ne kamar wani ke ba da labarinka: Wane marubuci ne da ke zaune a Maraɗi, ayyukansa sun fito a wuri kaza da kaza. Kalmomi hamsin zuwa ɗari ake yawan nema. Ka zaɓi wurare biyu ko uku mafi nauyi da aka buga ka, ba duka ba. In ka taɓa cin gasa ko ka shiga jerin ƙarshe, misali Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, ka faɗa, ka kuma faɗi ainihin matakin da ka kai. Wanda ya shiga gasa kawai bai ci ba, ba abin faɗa ba ne. Jerin makarantu tun daga firamare, da sunan unguwa da ranar haihuwa, na takardar neman aiki ne.

Sana'arka tana shiga idan ta taɓa aikin. Ungozomar da ta rubuta labarin ɗakin haihuwa, ko direban da ya rubuta labarin tasha, faɗar hakan na da amfani.

Wanda ba a taɓa buga shi ba kuma fa? Ya faɗa kai tsaye, ba tare da sunkuyar da kai ba. Babu abin da edita ke alfahari da shi kamar a ce shi ya fara gano wane. Abin da ba a so shi ne kame-kame: kiran kai "fitaccen marubuci" ko "shahararriyar marubuciya", ko ƙirƙiro lambar yabo da ba ta wanzu ba. Kishiyar wannan ma illa ce, kuma mu ta fi kamawa saboda kunya da tawali'u: "ni dai ɗan koyo ne, na san akwai kurakurai da yawa, a yi haƙuri a gyara." In ka san akwai kurakurai, gyara su kafin ka turo. In ka sanar da mai karatu cewa aikin bai nuna ba, shi kuwa zai yarda da kai.

Abin da ba ya shiga

Kada ka ba da labarin labarin. Wannan ya bambanta da wasiƙar da ake rubuta wa kamfanin ɗab'i a kan littafi sukutum, inda dole a taƙaita abin da ke ciki. Gajeren labari ko waƙa a gaban edita suke, zai karanta da kansa. Kada kuma ka fassara masa manufa, cewa labarin na faɗakarwa ne kan illar auren dole ko shaye-shaye. Mun saba da jera darussa a bangon littafi, amma a nan in sai ka faɗa za a gane, to labarin bai yi aikinsa ba. In kuwa ya yi, ka ɓata wa mai karatu daɗin ganowa.

Roƙo ma ba ya shiga. Halin rayuwa, da shekarun da ka yi ana ƙin aikinka, da "don Allah a taimaka a buga", duk suna sa edita cikin kunya ne kawai, ba sa canza hukunci. Haka gargaɗin cewa kada a sace maka aiki, ko cika shafi da tambarin haƙƙin mallaka: zargi ne ga mutumin da kake neman ya karɓe ka. Maganar kuɗi kuwa, shafin ƙa'idoji ya riga ya faɗi ko suna biya. Sauran bayani sai an karɓa. Abu ɗaya da ya halatta ka tambaya shi ne rangwamen kuɗin turawa. Wasu mujallun waje na karɓar 'yan daloli kafin a tura, kuma da yawansu kan yafe wa wanda ba shi da hali ko wanda katin bankinsa ba ya biya da kuɗin waje. Wannan a saƙo daban ake nemansa, kafin a tura aikin.

Kafin ka danna maɓallin turawa, ka duba sunan mujallar da ke cikin wasiƙar. Mai tura aiki wurare da yawa yakan manta sunan ta jiya a wasiƙar ta yau. Ka duba ka liƙa fayil ɗin, kuma sunansa ya zama sunan aikin, ba "sabon gyara na ƙarshe 2" ba. In rubutun Hausa ne, ka buɗe shi a wata na'urar ka ga ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai, don wani zubin haruffan kan mayar da su akwatuna. In an ce a cire suna, ka cire shi daga saman shafi da sunan fayil duka.

Bayan nan sai jira. Kada ka bi edita ta Facebook ko ka nemo lambarsa kana tambayar ina aka kwana. In wa'adin da suka ɗiba ya wuce da 'yan makonni, saƙo ɗaya mai ladabi ya isa: sunan aikin, ranar da ka tura, da tambayar ko har yanzu ana dubawa. Idan amsar ta zo ba su karɓa ba, kada ka mayar da martani ko ka nemi dalili. Amma ka karanta ta da kyau. In edita ya rubuta da kansa cewa yana son ganin wani aikin naka, ba faɗar fatar baki ba ce. Ka tura wani, ka kuma tuna masa a layin farko na sabuwar wasiƙar cewa shi ya nema. Aikin da aka ƙi kuwa, ka sake karanta shi, ka gyara abin da ka gani, ka canza sunan mujalla a wasiƙar, ka tura shi gaba a makon.